Yadda za ka zauna gidan haya da wanda ba addininku ɗaya ba kuma ku rabu lafiya

Toh jama'a, ita maganar haƙuri da juna tsakanin Musulmi da Kirista kullum a otal ake yinta, a tara manyan malamai da manyan fastoci a babban tebur a sha ruwan roba a ɗau hoto a watse, amma shi wanda abin ya shafa kai tsaye yana can gidan haya mai ɗaki goma famfo ɗaya banɗaki biyu, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa ya zai yi ranar da aka kawo masa shinkafar Kirsimeti, ko ranar da ya kai naman layya aka ce masa an gode amma ba a ci. Shi nake yi wa wannan rubutun. Ni Musulmi ne kuma a Kaduna na yi yawancin zaman hayata, don haka ta ɓangarenmu zan fi magana, amma 'yan uwa Kiristoci masu karanta Hausa ku ma akwai naku a ciki, kar ku gudu.

Duk wanda ya san Kaduna ya san tun rikicin shari'a na Fabrairun 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002 da ya zo ya ƙarasa abin da ya rage, garin ya rabu gida biyu, kogi ya zama iyaka, Musulmi suka tattara suka yi Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka yi Sabon Tasha da Television da Narayi da Romi, har 'yan gari na zolaya wai can Makka nan Kudus. Jos ma haka ta koma bayan 2001. Amma fa aljihu bai san wannan rabon ba. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗan bautar ƙasa, ɗalibi a Samaru, soja da ɗan sanda a bariki, mai aiki a Abuja yana kwana a Mararaba ko Nyanya ko Suleja, ɗan kasuwa a Sabon Garin Kano, duk inda kuɗinka ya kai nan za ka kama ɗaki, wanda ka tarar a ɗakin kusa kuma shi ne maƙwabcinka ko kana so ko ba ka so.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne faɗan gidan haya ba daga aƙida yake farawa ba. Ni dai ban taɓa ganin an ba hammata iska a tsakar gida a kan wane littafi ne gaskiya ba. Daga igiyar shanya yake farawa, daga kuɗin wuta, daga wa ke da wankin banɗaki yau, daga ruwan wanke-wanke da ya gangaro ƙofar wani. Ana cikin cacar baki sai ɗaya ya ce "ai dama ku haka kuke", shikenan, faɗan igiya ya sa rigar addini, kafin magariba ka ga samarin layi waɗanda ko igiyar ba su taɓa gani ba sun taru a bakin get suna tambayar me aka yi wa ɗan uwansu. Duk sauran abin da zan faɗa dabaru ne na hana wannan "ku" ɗin fitowa daga baki.

Tun kafin ka biya kuɗi

Kar ka yarda dillali ya kai ka ganin ɗaki ranar Talata da hantsi lokacin kowa ya fita aiki gida tsit, ka ce ma sha Allah ka zaro kuɗi. Koma da kanka ranar Juma'a da rana, ka koma Lahadi da safe, ka kuma leƙa da dare wajen ƙarfe tara. A nan za ka san ko bayan tagarka coci ce mai ganga da lasifika, ko masallacin da ake tafsiri har dare, ko akwai kare a gidan, ko shagon da ke jikin katanga giya ake sayarwa. In ka ga abin da ka san zuciyarka ba za ta ɗauka ba, ka haƙura da gidan tun yanzu, ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka tarar da mutane da tsarinsu shekara da shekaru, ka shigo jiya yau ka ce sai an canza.

In ka tare, gaisuwa ita ce jarinka. Bi ɗaki-ɗaki kai da iyalinka ku gaisa, ka ji sunan da ake kiran kowa da shi, in Maman wane ce ka kira ta Maman wane, in dattijo ne Baba, ko da kuwa sarƙar gicciye ce a wuyansa. Ina kwana da sannu da aiki da ya jikin yaro ba su da addini. In kai ba ka musabaha da mata, ko ke ba kya ba maza hannu, to ku faɗa sau ɗaya cikin fara'a tun ranar farko, ka dafa ƙirji ka ce Madam yi haƙuri mu a wajenmu ba ma gaisawa da hannu da mata, girmamawa ce ba ƙyama ba. Barin hannun mutum a sama ka kau da kai ba bayani shi ke zama ciwon da ake riƙewa shekara guda.

Abinci

Nan ne fa ake yinta, don haka bari in daɗe a nan.

Mu Musulmi ba ma cin alade, ba ma cin kare, ba ma cin mushe, ba ma shan giya, kuma muna duba yanka. Mafi yawan Kiristocin Arewa sun san wannan sarai, shi ya sa za ka ga ana saura kwana ɗaya Kirsimeti maƙwabci ya turo yaro da kaji biyu ko ya jawo akuya ya ce Malam don Allah zo ka yanka mana. Wallahi in aka yi maka haka ka san an daraja ka, don mutumin so yake gobe in ya aiko maka da abinci ka ci hankali kwance. Kai kuma ɗan uwa Kirista da ka zo daga Kudu ba ka san wannan al'adar ba, ka koye ta, ba ta cin ko sisi.

Maganar cin abincin bikin nasu kuwa da yi musu barka, malamai sun yi saɓani, wasu sun ce ba komai suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ma'ida da ta halatta abincin Ahlul Kitabi, wasu sun ce na ranar idinsu dai a bar shi. Ba ni zan raba wannan gardamar ba, bi malamin da ka yarda da iliminsa. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake ƙin. A wani gida da na zauna, wata mata 'yar Katolika ta tashi tun asuba tana soya shinkafa, ta zuba a kula mai kyau da cinyar kaza biyu a sama ta aika ɗakin wasu sababbin aure, suka karɓa suka ce an gode, da yamma ta fito zubar da shara sai ga shinkafarta a cikin bokitin shara na tsakar gida, cinyoyin na nan ko yaga ba a yi ba, ƙudaje na bi. Ba ta ce uffan ba, ta juye sharar ta wanke bokitin ta koma ɗaki. Amma har suka bar gidan ko wuta aka kawo suna barci ba ta ƙwanƙwasa musu su tashi su yi caji, alhali da ita ke yi wa kowa. In ba za ka ci ba, je ka same ta tun kafin ranar ka ce Mama kar ki wahalar da kanki da rabonmu, mu ba ma cin na ranar biki, amma kullum in kin yi ɗan wake kar ki manta da ni. Za ta yi dariya magana ta wuce.

Haka ta ɗaya ɓangaren. Akwai Kiristocin da ke jiran naman Sallah fiye da kai mai ragon, akwai kuma waɗanda cocinsu ta koya musu kar su ci abin da aka yanka don ibadar wani addini. In ka kai aka ce ba a ci, kar ka hau fushi kana cewa an raina ka, kai ma fa jiya ka ƙi nasu. Tambaya kawai za ka yi tun ana saura kwanaki, Oga kuna cin naman layya? In ya ce a'a, ba shi cincin da lemo ko ɗanyar shinkafa. Amma kar ka tsallake ɗakinsa gaba ɗaya, ka raba wa ɗakunan Musulmi yaransa na tsaye suna kallon kwano na wucewa. An ruwaito Sahabi Abdullahi ɗan Amru in an yanka akuya a gidansa yakan tambaya ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, yana kafa hujja da wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya dinga yi wa Annabi (SAW) a kan maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. To ka ga ba mu muka fara ba.

In kicin ɗaya kuke haɗawa, kowa da tukunyarsa da wuƙarsa da ludayinsa, wannan ba wariya ba ce, rigakafi ne. In za a ari tukunyar Musulmi kar a dafa abin da aka san ba ya ci. Firji kuwa in na haɗaka ne a yi magana a fili, alade da kwalbar giya ba sa shiga, wanda ke so ya nemi nasa. Kuma kwano ba ya komawa haka nan, ko gyaɗa ce a zuba.

Sai ƙara

Kowa na jin ƙarar ɗan uwansa, ba ya jin tasa. Kai da ka saba kiran assalatu ko farkawa ba ka yi sai an yi na biyu, amma baƙon da ya zo daga Inugu ƙarfe huɗu da rabi yake zabura. Shi kuma tafi da waƙar addu'ar safe da suke yi da yara ƙarfe biyar a wajensa ba komai ba ne, kai kuma lokacin ka dawo masallaci kana neman ɗan barcin da za ka fita aiki da shi. Maganin abin sanarwa ce kafin lokaci. Azumi ya matso, gaya musu za su dinga jin motsin tukwane da daka ƙarfe uku na dare wata guda, goman ƙarshe kuma za a dinga buɗe get ana fita tahajjud. Su kuma su gaya maka ranar da matan zumunta za su zo gaisuwa da anko da tulunsu na kiɗa, da ranar addu'ar kwana, da daren 31 ga Disamba da ba a barci. Abin da aka gaya maka tun jiya ba ya ɓata rai kamar wanda ya faɗo maka tsakar dare.

Amma akwai ƙarar da ba ibada ba ce, neman magana ce. Ka ɗauko sifika ka ajiye a bakin taga ka juya ta tsakar gida ka sa wa'azin da ake kiran sunan addinin maƙwabcinka ana yaga shi, ko kai ka sa faston da ke cewa duk wanda bai bi hanyarku ba ɗan wuta ne ka ƙure murya, kuma ka ce ai ni a ɗakina nake. Haba malam. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kar su rama da zagin Allah, ita kuma wasiƙar Romawa sura 12 aya 18 ta umurci Kirista ya yi iya ƙoƙarinsa ya zauna lafiya da kowa. Abin sawa a kunne bai fi kuɗin kati ba, saya ka ji wa'azinka kai kaɗai.

Ƙananan abubuwa da zan bi da sauri. Buta ba ta wasan yara ba ce kuma ba a ɗibar ruwan wanki da ita. Mai alwala ya nemi gefen kwata, ba ƙofar wani ba. Ba a gittawa gaban mai sallah, ba a taka darduma da takalmi, ba a ɗaukar Alƙur'ani don a ga yadda yake sai an tambaya, kai ma in ka shiga ɗakinsu ka ga Littafi Mai Tsarki a kan tebur kar ka ɗora kofin shayi a kai. Mai kare ya ɗaure abinsa, don in ya lashi kwanon Musulmi wanki bakwai ne. In ka ga 'yar Katolika da toka a goshi wata Laraba kafin Ista, kar ka ce Anti kin yi datti a fuska, farkon azuminsu ne na kwana 40. Sutura kuma a tsakar gida kowa ya ɗan rage, mai fitowa da tawul ko gajeren wando ya tuna akwai matan aure, mai ganin duk wadda ba ta sa hijabi ba 'yar iska ce shi ma ya gyara tunaninsa, ɗakin da aka ce ba shiga kuma a tsaya daga bakin labule a yi sallama.

Yara su ne ke tona asiri. Duk abin da kuka faɗa a ɗaki da dare, gobe a bakin famfo za a ji shi da muryar ɗan shekara biyar, "Babanmu ya ce ku arna ne", "Mominmu ta ce kar mu yi wasa da ku 'yan Boko Haram ne". Ba yadda za a yi ka ce yaro ne ya ƙirƙira, kowa ya san inda ya ji. Don haka gyaran daga cikin ɗaki ne, ka koya wa ɗanka addininsa da kyau, in ya tambaya me ya sa su wane ba sa sallah ka ce su Kiristoci ne, coci suke zuwa, mu masallaci, kuma maƙwabtanmu ne ba a zaginsu. Ya isa haka. Sannan doka ɗaya da ba ta da sassauci: ba ka yi wa ɗan wani wa'azi. Kar ka ɗauki yaron maƙwabci ka kai shi Islamiyya ko makarantar Lahadi wai rakiya ba da sanin iyayensa ba, kar ka koya masa kalmar shahada ko addu'ar karɓar Yesu a ɓoye kana ganin lada ka samu. Haka in ka lura soyayya ta fara shiga tsakanin saurayi da budurwa a gidan, kar a tsaya gulma, iyaye su zauna tun abin na ƙarami, don zancen an juya wa yarinya addini ko an ɓoye ta ya sha tayar da gari a Arewa.

Manya kuma fa, ya halatta a yi hirar addini? Sosai ma. Mu muna da da'awa su suna da bishara, kowa na ganin alheri yake maka. Tambaya don neman sani daban, tambaya don ƙure daban, kuma kowa na gane bambancin daga muryar mai yi. In aka gayyace ka ka ce na gode ina nan a kan nawa, in kai ka gayyata aka ce maka haka to ka tsaya nan, kar ya zama kullum ka ga mutum sai ka tayar. Aya ta 256 a Baƙara ta ce babu tilas a addini, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya ba kowa 'yancin addininsa. Kuma ba sai ka ce duk addinai ɗaya ne kafin a zauna lafiya ba, ni ban yarda ɗaya ne ba, maƙwabcina ma bai yarda ba, kuma shi nake bar wa makullin ɗakina in zan yi tafiya. Da zarar ka ji hira ta fara zafi, an fara ambaton Annabi ko Yesu Almasihu da sautin da bai dace ba, miƙe ka ce bari in duba ruwa a wuta. Ba tsoro ba ne.

Ranar rashi kuwa ko ba kwa ga maciji ka je. Mu muna binnewa a ranar, su sukan ajiye gawa a mutuware sati biyu ko fiye har dangi su taru, a yi kwanan zaune da waƙoƙi, wani lokaci a kai ta ƙauye. Kar ka ce me ake jira, su ma kar su ce ya aka yi saurin binnewa kamar ana gudunsa. Sannu da rashi, Allah ya ba da haƙuri, ka ba da gudummawarka in ana tarawa, ka taya jera kujeru. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawar Bayahude Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne ya ce shin ba rai ba ne.

Af, kar in manta, wani lokacin ma zama da Kirista ya fi sauƙi a kan zaman ɗan Izala da ɗan ɗarika a gida ɗaya, ko a ce akwai ɗan Shi'a a ɗakin ƙarshe. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ake wannan muhawarar ta maulidi da ƙablu da sadlu da wazifa, manyan malamai ba su gama ta ba, ba kai da maƙwabcinka za ku gama ta a kan benci ba. Su ma can haka ne, ɗan cocin zamani na ganin ɗan Katolika bai gane hanya ba. Duk abin da na faɗa a sama ya hau kan wannan. Haka wadda ke zaune ita kaɗai ba miji, bazawara ce ko ma'aikaciyar asibiti mai aikin dare, ba aikinka ba ne ƙirga ƙarfe nawa ta dawo. Amma fa a gane, haƙuri da bambanci ba shi ne haƙuri da cuta ba. Mai busa wiwi a gaban yara, mai dawowa a buge yana amai a ƙofar mutane, mai dukan matarsa, wannan ba addininsa ba ne halinsa ne, a haɗu Musulmi da Kirista a yi masa magana da sunansa shi kaɗai, ba da sunan mutanensu ba.

Waya

In kuna da gurup ɗin WhatsApp na gida, a rubuta a sama cewa na kuɗin wuta da ruwa da shara ne kawai. Ba wa'azi, ba siyasa, ba "tura wa mutum goma". Ka kuma tuna maƙwabcinka na ganin sitatus ɗinka da abin da kake rubutawa a Facebook, ba zai yiwu da safe ka ce masa ina kwana Oga da dare ka rubuta cewa duk mutanensu maƙiya ne ka zaci bai gani ba. Bidiyon gawarwaki da ake turowa a ce yanzu-yanzu a wuri kaza, sau da yawa tsoho ne ko ma daga wata ƙasa, kar ka zama kai ne ka shigo da shi gida. Kisan da aka yi wa wata ɗaliba Kirista a Sakkwato a watan Mayun 2022 bisa zargin ɓatanci ga Annabi (SAW) daga gurup ɗin 'yan aji ya faro. In wani ya furta abin da ya taɓa maka addini, kar ka fito layi kana kururuwa, don taron da ka tara ba kai za ka iya sallamarsa ba, kai magana wajen manya da hukuma.

In gari ya ɗau zafi

Wannan shirin tun ana lafiya ake yinsa. Ku karɓi lambar juna har da ta wani ɗan uwa na kusa. Ku yi magana a fili, in abu ya tashi yara na makaranta wa ya fi kusa ya kwaso su duka, in unguwar ta fi yawan Musulmi kai ne garkuwarsa, in ta fi yawan Kirista shi ne taka. Wanda yake waje a kira shi a gaya masa hanyar da zai bi da wadda zai kauce wa, don yawancin waɗanda ake rutsawa da su masu wucewa ne da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kamar matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Jos a Agustan 2021. A rufe get, kar a bar samarin gida su fita kallo, in an sa dokar hana fita a haɗa abin da ke akwai a dafa, in wani ya ƙwanƙwasa yana tambayar su waye a gidan nan amsa ɗaya ce, ba kowa sai mu. Kuma don Allah a ranar kar a zauna tsakar gida ana lissafin su wa suka fara.

In kana ganin wannan tatsuniya ce, a watan Yunin 2018 a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi a Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya ɓoye mutum 262 yawancinsu Kiristoci, mata a gidansa maza a masallaci, ya fito ya tsaya gaban 'yan bindiga ya ƙi ba su hanya. A Kaduna kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a rikicin 1992 kowa na jagorantar samarin ɓangarensa, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, amma daga 1995 suka dawo suna aikin sulhu tare. Kai ba a ce ka yi ko rabin nasu ba, lambar waya kawai aka ce ka karɓa.

To in duk da haka an saɓa fa, don zo mu zauna zo mu saɓa ne? Bi matakai. Fara samunsa shi kaɗai, ba gaban matarsa da yaransa ba, ka faɗi abin da ya faru da sunansa, ruwan wankinku na shigo min ɗaki, ba ku ba ku da tsafta ba. In bai yi ba a sa dattijon gida, sannan kiyateka ko mai gidan, sannan mai unguwa. In har abin ya taɓa addini da gaske, a kira liman da fasto su zo tare, kar a kira ɗaya a bar ɗaya, don wanda ba a kira nasa ba zai ga taron dangi aka yi masa. 'Yan sanda su ne ƙarshe, sai in an kai ga barazana ko duka, don daga ranar da ka sa aka kulle maƙwabci ko an sake shi zaman ya ƙare.

Wani zaman kuma ba ya gyaruwa, ka yi naka ɗayan ya ƙi. Kar ka tsaya jiran sai an zubar da jini, bari kuɗin hayarka ya kusa ƙarewa ka sanar da mai gida da wuri ka nemi wani wuri. Ranar tashi ka biya kasonka na wuta da ruwa har na watan da kake ciki, ka mayar da duk abin da ka ara, ka bi ɗakuna ka yi sallama har da ɗakin wanda kuka saɓa, ka miƙa makulli hannun kiyateka a gaban shaida. Wanda zai gaje ɗakin in ya tambaye ka ya gidan yake, gaya masa ranakun da ruwa ke zuwa da nawa ake biya na wuta da ƙarfe nawa ake rufe get.